Faratan Makaɗin Dunrua

Glenduff, 4 ga Satumba, 1652

Zuwa ga ƙanena Fiachra, makaɗin garaya na gidan Dunrua,

Allah da Maryamu su kasance tare da kai. Ina fatan kana lafiya, da kai da wannan tarin naka da ba ya jin magani. Ni ina nan da sauran numfashi, ƙafar dama ce kawai take min tsiya in an yi ruwa, ka kuwa san ruwa ba ya ɗaukewa a Glenduff.

Ban san yadda zan lallaɓa maganar ba, don haka ga ta: Lorcan ya mutu. Ranar Talata mutanenmu na daji suka yi wa sojojin Ingila kwanton ɓauna a mashigin kogi, ashe an riga an tsegunta musu. Felim ƙanen mijina, wanda yake jagorantarsu, shi ya kawo min hular ɗana. Ya ce da idonsa ya ga harsashi ya shige shi, ya faɗa ruwa, dawakai suka bi ta kansa. Babu gawa. Makokin hula na yi, Fiachra, na ɗora ta a kan tebur mata suka kewaye ta suna kuka. Shekara ashirin da biyu ina rainon mutum, a ƙarshe hula aka kawo min. Sunan kyaftin ɗin Pellow, kuma an ce Dunrua ya nufa.

To, ka ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka yanke faratan nan naka da kake kaɗa garaya da su. Sojojin nan sun ce makaɗa ne suke kai saƙo tsakanin gidaje suna zuga mutane, yanzu a kowace gada sai su ce a nuna hannu. Wanda aka gani da dogon farce ba a tambayarsa sana'a. A kasuwarmu sun kama wani makahon tsoho, suka fasa garayarsa a kansa, suka shaƙe shi da tsirkiyar tagullarsa, ina tsaye da kwandon man shanu ina kallo.

Na san ka, na san za ka ce farce wata shida yake yi kafin ya kai. Tun kana ɗan shekara tara da aka kawo ka riƙo wajen mahaifina Baba Murcha kake lallaɓa faratan nan kamar ƙwai. Ni nake tatsa, ni nake haƙo makamashi a fadama, kai kana zaune hannu a cinya, Baba yana cewa a bar shi, makaɗi ne. Kakanninmu ne suka haɗu, amma a tukunya ɗaya muka ci, kuma yanzu ba ni da wanda ya fi ka kusa. Ka binne garayar Baba, ka yanke su, ka taho. Mor mai gishiri ce za ta ba ka wannan, ka ba ta amsa.

Yayarka, Gobnait

*

Dunrua, 21 ga Satumba

Yaya Gobnait,

Allah da Maryamu su kasance tare da ke. Tarin yana nan, ni ma ina nan. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, in akwai wani a ɗakin ki sallame shi.

Lorcan yana da rai.

Wasiƙarki ta riga sojoji da kwana ɗaya kacal, ban kuma yanke ba, kin faɗi gaskiya a kaina. Kwana uku muka riƙe gidan, bindigar igwa ta rushe ƙofa. Maigida Conn ya fito ya miƙa takobinsa don a bar mata, suka karɓa suka sare shi da shi a kan dakali. Kansa yana kan ƙofar gari har yau, ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Da aka jera mu aka ce mu nuna hannu, wani sajan soja ya ja ni da gashi, wani ya ɗaga gindin bindiga zai fasa garayar. Sai zoben Kyaftin Pellow ya gogi tsirkiya ɗaya. Kin san yadda garayar Baba take riƙe sauti. Mutumin ya tsaya kamar an kira sunansa, ya ce wa tafinta: «Gaya masa ya kaɗa.»

Na kaɗa, Yaya. Jinin maigidana bai bushe a dakali ba na jingina ta a kafaɗar hagu na kaɗa. Tsoro ne, ba wani abu ba, ba zan yi miki ado ba.

Suka jefa ni rumbun ƙasa inda muke ajiye nama da gishiri a da. Fursuna goma sha uku ne a ciki. A lungu akwai wani da kafaɗa a ruɓe, yana zazzaɓi yana gunguni, da na kasa kunne sai na ji kiɗan da Baba ya tsara ranar sunan jikansa. Na rarrafa na ɗaga fuskarsa. Ya dube ni ya ce: «Kawu Dogon Farce, har yanzu ba ka tatsa?» Kin ji ɗan banza, yana bakin mutuwa yana tsokanata! Sun tsamo shi daga kogi, ya ce musu shi makiyayi ne mai suna Art. In suka san ɗan ɗan'uwan Felim ne za su gasa ƙafafunsa sai ya faɗi maɓoyar daji.

Kowace Asabar suna rataye mutum biyu. Na roƙi Kyaftin ta bakin tafinta, na ce makiyayin ɗan maƙwabciyata ne. Ya yi dariya ya ce kanar ɗinsu zai zo ranar sha biyu ga Nuwamba, mayen kiɗa ne duk da limamansu sun hana. In Kanar ya ji daɗi, wuyan makiyayin nawa ne. Kafin ranar ba za a taɓa shi ba muddin ina kaɗa wa Kyaftin bayan cin abinci.

Don haka za ki ji ana cewa Fiachra ya zama karen Pellow. Gaskiya ne, har riga ya ba ni. Kullum nakan rufe da kiɗan sunan Lorcan, in buga da ƙarfi don ya ratsa daɓe ya same shi a ƙasa. Kada ki faɗa wa kowa sai Felim. Mor ta ɗinke wannan a gefen siket ɗinta.

Ƙanenki, Fiachra

*

Glenduff, 17 ga Oktoba

Fiachra,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na ji kana lafiya har ka yi kumatu. Mako shida ke nan ba amsa, ba Mor, ba komai. Na yi ta kunna maka kyandir ina zaton kana cikin waɗanda aka kashe a Dunrua. Ashe asarar kyandir na yi.

Masu kora shanu sun dawo jiya. Sun kai wa sojoji naman dole, sun gan ka da idonsu a zauren Maigida Conn, kusa da wuta, cikin jar riga, kan mutumin da ya ciyar da kai shekara ashirin yana ruɓewa a ƙofa. Na ce ƙarya suke yi, har na ɗauki muciya zan rotse ɗaya. Sai ya ce: «Uwar Lorcan, wallahi har kiɗan ɗanki ya yi masa.» Ya kuwa rera min, bai kuskure ba.

Kiɗan sunan ɗana? Ga wanda ya sa dawakai suka tattake shi? Da garayar ubana? Tir da kai! Da na san abin da nake tatsar shanu dominsa ke nan, da na karya yatsun nan tun muna yara.

Felim yana nan lokacin. Ya tashi ya ce zai je ya farke cikinka. Na ce a'a, mu gidan makaɗa ne, muna da hukuncinmu. Ka san shi, a bakin Baba ka ji: makaɗin da ya kunyata garaya ba a kashe shi, faratansa ake yankewa, ya zauna wata shida yana kallon kayansa ba ya iya taɓawa. Felim ya ce ba shi da abin yanka sai takobi. Na shiga na ɗauko almakashin da nake sausayar tumaki na sa masa a hannu. Ina so ka san ni ce na ba shi, kada ka ɗora wa kowa.

Masu shanun za su koma, su za su jefa maka wannan. Kada ka ƙara kirana yaya.

Gobnait 'yar Murcha

*

Glenduff, 23 ga Oktoba

Fiachra, ƙanena, Fiachra,

Allah ya sa wannan ta riga Felim. Mor ta iso yau a kan amalanken mijinta. Sojoji sun tare ta a gada, sun zubar da gishirinta, sun karya mata ƙafa da gindin bindiga, ta yi wata guda kwance a bukkar wasu mutane ba ta yarda ta ba kowa siket ɗin ba. Yanzu na farke ɗinkin.

Na karanta. Na karanta sau uku.

Felim ya tafi kwana huɗu da suka wuce da mutum uku. Na tura a bi shi daji, ban san ko za a same shi ba. Kada ka fita daga gidan nan. Kada ka je rafi, kada ka je maƙera, ko tsirkiya goma ta tsinke ka kaɗa da sauran. Waccan wasiƙar ka ƙona ta. Wayyo ni, me na yi? Ka gaya wa ɗana uwarsa tana nan.

Yayarka, in ka yarda

*

Dunrua, 30 ga Oktoba

Yaya Gobnait,

Allah da Maryamu su kasance tare da ke. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa biyu nake riƙe alƙalami. Lorcan yana samun sauƙi, kafaɗar ta daina wari. Fursuna uku suka rage.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo, mijin Mor ya kawo ta biyun. Felim ya riga su da kwana biyu.

Tsirkiya ta tsinke, na je maƙera da hantsi a ja min wata. Kyaftin yana barina in fita, ya san abin da na bari a rumbunsa. Ina shiga aka rufe ƙofa. Felim ya ce: «Sannu, mai jar riga. Ga gaisuwa daga yayarka.» Na gane almakashin, har da jan zaren da kike ɗaure masa. Biyu suka danne ni a kan uwar maƙera, ɗaya ya sa wa maƙeri wuƙa a wuya. Na ce: «Felim, Lorcan yana da rai, yana ƙarƙashin gidan can!» Ya tofa min yawu ya ce: «Wanda wuƙa take kan yatsansa ko kakata zai tayar daga kabari. Ni na ga yaron ya faɗi.»

Ya fara da hannun dama, ya yanke uku har cikin tsoka. Almakashinki ya dakushe, Yaya, farcen makaɗi ba ulu ba ne. Sai ya jefar ya ɗauki awartakin maƙeri. Na ce masa hukuncin yankewa ne ba cirewa ba, ya ce shi ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Hannun hagu, wanda yake tafiyar da kiɗan, duka biyar ya tumɓuke su daga tushe, yana kiran sunan wani mamaci a kan kowane. Na biyar ɗin sunan Lorcan ya kira. Ihuna ne ya jawo 'yan sintiri. Suka harbi ɗaya daga mutanensa a fuska, ƙwaƙwalwarsa ta fantsamo min a riga, sauran suka fasa bango ta baya. Maƙerin da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi sojoji suka rataye a ƙofar maƙerarsa.

Kyaftin ya duba hannun ya ce mu 'yan ƙabilar Irish mun rage masa aiki. Ya ce rana tana nan, sha biyu ga wata, in ba kiɗa akwai igiya.

Ba zan ce ban ji haushinki ba. Kwana biyu ina tsine miki, da sunanki da na almakashinki. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Na gwada da tsokar yatsa, tagulla ba ta amsawa, sai wani dum dum kamar ana buga ƙwarya a cikin ruwa. Na tuna shekarar da farcen Baba ya tsage ana gobe bikin gidan sarauta, ke kika ɗaura masa karan gashin dinya ya yi kiɗan. Ni ina fushi a waje don an hana ni zuwa, ban ga yadda kika yi ba. Ki gaya min.

Fiachra

*

Glenduff, 4 ga Nuwamba

Ƙanena,

Allah ya ba ka lafiya, ya ɗora min ciwon. Ba zan cika takarda da neman gafara ba, ba ni da bakin.

Dinyoyin da nake kiwo don idin Waliyyi Martin na yanka su duka huɗu yau, na zuba jinin a bakin ƙofa kamar yadda al'ada take, tun ranar ba ta zo ba, waliyyin ya yi haƙuri. Ga kara ashirin daga manyan gashin fiffike. Na riga na gasa su a yashi mai zafi sun yi tauri, na tsaga, na fere bakin yadda Baba yake so. Ga zaren lilin da na shafe da kakin zuma. Ka sa mijin Mor ya ɗaura maka, hannunsa ya saba da ƙullin buhu. Karan ya kwanta a bayan yatsa, ya wuce tsoka da faɗin ƙwayar hatsi, a naɗe daga gaɓar farko, a ƙulle ta sama. Kada ka soma da kiɗa mai gudu.

Amma ka sani, Baba yatsa ɗaya ne, kuma akwai rabin farce a ƙarƙashi da ya tallafe karan. Ban taɓa ɗaurawa a kan ɗanyen nama ba. Ban san abin da zai yi ba.

Felim ya dawo ya jefa min almakashi a ƙafa yana cewa an gama. Na miƙa masa wasiƙarka ta farko. Da ya gama karantawa ya ce zai tara mutane su fasa Dunrua. Na ce in ya kusanci gidan nan kafin sha biyu ga wata ni da kaina zan kai sojoji maɓoyarsa. Ya san zan yi.

Na ɗauke hular daga kan tebur na rataye ta a ƙusa inda yake rataye ta.

Gobnait

*

Cork, 20 ga Nuwamba

Yaya Gobnait,

Allah da Maryamu su kasance tare da ke. Wani fada, limamin coci da yake ɓoye a nan, yake rubuta min, don hannun ya kumbura. Zazzaɓin ya sauka, ya ce yatsa biyu ne kawai za a cire.

Ba a rataye Lorcan ba. Ki riƙe wannan tukuna.

Mijin Mor ya ɗaura karan da safe, na ciji bel ɗinsa har na huda shi. Kanar ya zo, gajeren mutum mai sanyin murya, aka ci aka sha, aka ce in fara. Yaya, karanki sun yi magana. Kiɗan farko ya fita tas, har na ga Kanar ya ajiye cokali. A na biyu zaren ya fara cin nama, jini ya sa karan suna zamewa. A na uku karan yatsan tsakiya ya karye, sai na kusa da shi. Tsirkiyar ta shiga inda farce yake a da. Ban tsaya ba. Na ci gaba da abin da ya rage, tagulla tana yanka, jini yana bin tsirkiyoyi yana ɗiga a cikin garayar, rabin sautin tas rabi dum dum. Wani hafsa ya tashi ya fita. Na rufe da kiɗan sunan Lorcan, ban san yadda ya fita ba don kunnena ya toshe, na dai san na kai ƙarshensa kafin na faɗi.

Da aka watsa min ruwa, tafinta ya ce Kanar ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma gani ya yi, ba ji ba. Kyaftin ya ce rabin kiɗa, rabin alkawari. Ba igiya, amma makiyayin zai bi jirgin da yake kai mutane aikin bauta a tsibiran rake a hayin teku. Ni kuma ya sa aka tuɓe min rigar aka tura ni waje, ya ce garayar ta ƙazantu in tafi da abata.

Na bi su a ƙafa har Cork. A bakin jirgi suna ɗaure da sarƙa bibbiyu, na kutsa har na kai gare shi kafin a doke ni. Ya rame amma yana tsaye da ƙafarsa. Ya ce in gaya miki shekara bakwai aka ce, kuma kada ki ba Felim karensa. Ya ce ya ji kiɗan ta cikin daɓe, wai na yi kuskure sau uku, Baba da ya mare ni.

Sai ya ga tsumman hannuna. Ya daina dariya, ya ce: «Kawu, wa ya yi maka wannan?»

Na ce masa sojoji ne.

Ya ce zai riƙe su a ransa har ya dawo. Na ce ya riƙe. Don haka ki ja kunnen Felim, ki ja na Mor da mijinta, wasiƙun nan kuma ki sa su a wuta har da wannan. In Allah ya dawo da shi, abin da ya sani ke nan, kuma ke ma abin da kika sani ke nan.

Mijin Mor zai kawo miki garayar Baba, ki goge cikinta da tsumma mai ɗumi kada tagullar ta yi tsatsa. Ni zan biyo baya in ƙafa ta yarda. Ki ware min saniya mai haƙuri, fada ya ce yatsa uku sun isa tatsa.

Ƙanenki, Fiachra